Daga Tafkin Kanwa zuwa Iskandariyya: Bin Sawun Kwanon Gilashi

A gabashin Alƙahira, cikin tsohuwar maƙabartar da Misirawa ke kira Ƙarafa, inda rayayyu suka daɗe da yin gidaje a tsakanin kaburbura, akwai masallacin Sarki Ƙaitabai wanda aka gama a 1474. Galibin baƙi ƙubbarsa suke zuwa kallo, don sassaƙar dutsen da ke kanta ba ta da na biyu a birnin. Ni ma ita ta kai ni. Sai dai a lungunan da ke gefen masallacin akwai masu hura gilashi, kuma a wurinsu yinin ya ƙare mini.

Ɗan yayata da ke karatu a Azhar shi ne tafintana, don Larabcin da na koya a zaure ba ya ciniki a kasuwar Masar. Ya yi mana sallama da mai shagon, aka ba mu benci. Tanderun ɗan ƙarami ne na bulo, wuta na ruri a cikinsa, mutumin yana zaune dab da bakinsa yana sharce gumi. Ya tsoma bututun ƙarfe ya ɗebo curin gilashi ja wur, ya murza shi, ya hura, ya mayar wuta, ya sake hurawa. Ya manna wani ƙarfen a gindin, ya ɓalle bututun, ya buɗe bakin da awartaki yana juyawa. Kafin shayin da aka kawo mana ya huce, kwano ya fito, shuɗi, cike da ƙananan kumfa.

Na ce a tambayar mini shi daga ina yake samun yashi. Ya yi dariya, ya nuna buhunan fasassun kwalabe da ke jibge a bayan ƙofa. "Ya Hajji," in ji shi, "ni ban taɓa dafa yashi ba, ubana ma bai dafa ba." Wani zai ce lalacewar zamani ce. Ba ita ba ce. Mai ƙera kwano a zamanin Rumawa shi ma bai taɓa dafa yashi ba. Sayen gilashin yake yi a dunƙule daga nesa, ya haɗa da fasasshe. A birnin Rum har akwai masu yawo gida-gida suna karɓar fasasshen gilashi suna ba da ashanar farar wuta. Masu dafa gilashi daban, masu ba shi siffa daban, kuma sau da yawa teku ce a tsakaninsu.

Hurawar kanta, da muke ɗauka da ita aka fara, baƙuwa ce a sana'ar. Wajen shekara ta 50 kafin Miladiyya ta bayyana, alhali an yi kusan shekara 1,500 kafin nan ana yin kayan gilashi a Masar da Iraƙi. To ta yaya ake samun kwano mai faɗin baki, mai santsi ciki da waje, ba tare da numfashi ba? Amsar ba ta cikin Alƙahira. Rabinta yana cikin wani kwari a hamada, rabin yana bakin teku, kuma hanya ɗaya ce ta ratsa su duka biyun.

Hanyar hamada daga Alƙahira zuwa Iskandariyya kimanin kilomita 220 ce, amma sunan hamada kawai ya rage mata. Gonakin inabi da lemo da katangun rukunin gidaje sun cinye gefunan biyu. Wajen tsakiyar tafiyar ake karkatawa yamma a gangara Wadin Naɗrun, kwarin da ƙasansa ya yi ƙasa da fuskar teku da kimanin mita 23. Direbanmu ya ɗauka wurin ruhubanawa za mu, don abin da ke kai mutane can ke nan: gidajen ibadar Kibɗawa huɗu, Abu Maƙar da Anba Bishoi da Suryan da Baramus, a kwarin da masu gudun duniya suka fara zama tun ƙarni na 4. Da ya ji tafki muke nema, sai ya dube mu ta madubi, ya yi shiru irin na wanda aka riga aka biya.

Tafkunan a jere suke tsawon kwarin, ba su da zurfi. Ruwan ja-ja ne, gefensa farin ɓawo da ke ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Ta ƙarƙashin ƙasa ruwan ke tsattsafowa daga wajen Kogin Nilu. Da hunturu tafkin ya cika, da bazara rana ta shanye shi ta bar gishirin a fili. Ɗan yayata ya ɓanɓaro ɗan guntu ya ɗora a harshe, ya yamutsa fuska. "Kawu, wannan ai kanwa ce." Kanwa ce kuwa, gauraye da gishiri, dangin wadda ake haƙowa a Manga da yankin Tafkin Cadi. Da ita mutanen Fir'auna ke busar da gawa kafin su naɗe ta. Da ita kuma, tun wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya har zuwa ƙarni na 9 na Miladiyya, aka dafa galibin gilashin ƙasashen Bahar Rum. Tagar gidan wanka a Ingila ta zamanin Rumawa da kwalbar turare a Siriya, in an bi diddigi, akasari kanwarsu ta Masar ce.

Dalilin mai sauƙi ne. Yashi zalla ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 1,700, abin da tanderun itace ba ya kaiwa. In an zuba masa kanwa, sai ya sauko wajen 1,100. Amma yashi da kanwa kaɗai gilashin banza suke bayarwa, ruwa na cinye shi a hankali. Sai da na uku, wato farar ƙasa, kaɗan, ƙasa da kashi goma cikin ɗari. Masana na ganin mutanen da ba su ma san suna zuba ta ba: a cikin yashin bakin teku take, garin ɓawon dodon koɗi da makamantansa da igiyar ruwa ta niƙe. Shi ya sa ba kowane yashi ke yi ba, kuma shi ya sa 'yan wurare ƙalilan suka riƙe sana'ar dafawar ɗaruruwan shekaru.

Pliny, marubucin Rum da ya mutu a aman dutsen Besubiyos a shekara ta 79, ya kawo labarin yadda wai aka gano abin. Fataken kanwa ne suka tsayar da jirginsu a bakin kogin Belus, kusa da Akka, za su yi girki ba su sami duwatsun murhu ba, suka girka tukwane a kan curin kanwa. Da wuta ta kama, sai ga wani ruwa mai ƙyalli yana malala a kan yashi. Labarin ya yi daɗi, amma wutar girki ba ta yin wannan aikin, kuma gilashin farko da tokar tsirrai aka yi shi, tun kafin kanwa ta shigo sana'ar. Duk da haka ban ga laifin wanda ya ƙaga shi ba, don ya sa kowa a mazauninsa: kanwa a cikin jirgi, yashi a gaɓa, fatake a tsakani.

Ba duk kanwar ake fitarwa ba. A nan cikin kwarin, a wani wuri da ake kira Bani Salama, masu tonon tarihi na Faransa ƙarƙashin Marie-Dominique Nenna sun tono tanderun dafa gilashi na ƙarni na 1 da na 2. Ba wurin 'yan yawon buɗe ido ba ne, direban ma bai taɓa jin sunansa a matsayin wurin kallo ba. Ko kusa ba su yi kama da tanderun Ƙarafa ba. Kwatarniya ce ta gini, doguwa, tsawonta ya kai mita 6, mai rufi, wadda ake cika ta da yashi da kanwa a yi kwanaki ana ba ta wuta ba dare ba rana. In ya nuna, a bar shi ya huce, a rushe rufin, a tarar da falalen gilashi guda ɗaya mai nauyin fiye da tan 10. Sai a sa guduma a farfasa, a loda. Irin wannan dahuwa, in ta ɓaci ta ɓaci ke nan. A Bait Shi'arim, arewacin Falasɗinu, har yau akwai wani falale mai kusan tan 9 kwance a cikin kogo inda aka dafa shi. Farar ƙasa ta yi masa yawa, ya fito dusu-dusu, masu shi suka tafi suka bar shi. Da aka gano shi a 1956, dutse aka zaci shi ne.

Tsaye a bakin tafkin, Bida ce ta faɗo mini a rai. Masaga, maƙeran gilashin Nufawa, tarihinsu na baka cewa yake daga Misira, wato Masar, kakanninsu suka taso. Ko hakan ne ko ba hakan ba, abin da S. F. Nadel ya rubuta a kansu a 1942 ya nuna mutane ne da suka iya dafa gilashinsu da kansu, baƙi wuluk, daga yashi da kanwar da fatake ke kawowa daga wajen Cadi, kafin kwalaben Turawa su sauƙaƙa musu aikin. Su awarwaro da tsakiya suke yi, ba kwano ba. Amma a wurinsu mai dahuwa da mai ƙira unguwa ɗaya suke, abin da bai cika faruwa a daular Rum ba.

Mun shiga Iskandariyya da almuru, iska mai gishiri, taragon lantarki na ƙara, kifi ya fi na Alƙahira araha. Washegari muka nufi Gidan Tarihin Girkawa da Rumawa, wanda aka kafa a 1892, aka rufe a 2005 don gyara, bai sake buɗewa ba sai a 2023. Jama'a na cincirindo a gaban manyan gumaka. Akwatunan gilashi kuwa ba mai tsayawa, wanda hakan ya yi mini daidai.

Tsohuwar hanyar yin kayan gilashi, ta zamanin Fir'aunoni irin su Tuhutmus na Uku, ba ta iya yin kwano sosai. Ana cura yumɓu da kashin dabba a kan sandar ƙarfe, a lulluɓe curin da gilashi mai zafi, a naɗa masa zaren wata kala a taje, in ya huce a ƙwaƙule cikin. 'Yan kwalaben kwalli da turare take bayarwa, masu ƙunƙuntar baki, waɗanda haske ba ya ratsawa. Kwano yana buƙatar wata dabarar, kuma dabarar da aka samu tana da ban mamaki saboda rashin hayaniyarta: a bar gilashin ya faɗi da kansa.

Ga yadda take. Mai sana'a zai ɗauki gilashi daidai awon kwano ɗaya, ya narkar da shi, ya baje ya zama faifai mai kauri. Yana da wata ƙira ta gasasshen yumɓu mai siffar kifaffen kwano, wadda aka shafa wa abin da zai hana mannewa. Sai ya ɗora faifan a kan ƙoƙon ƙirar, ya tura bakin tanderu. Da zafi ya ratsa shi, gefunan su fara saki, su sunkuya, nauyinsu ya ja su ƙasa har su rungume ƙirar. Abin lura a nan shi ne lokaci. In ya yi garaje, gefen ya tsaya a buɗe; in ya yi jinkiri, ƙasan kwanon ya yi siriri, bakin ya taru ya yi kitse, ko gilashin ya cije ƙirar ya tsage wajen hucewa. Ba ma'aunin zafi, ba agogo, launin wutar kawai yake karantawa. Daga nan a sa shi inda zai huce sannu a hankali, don gilashin da ya huce da sauri yakan fashe shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi.

Aikin bai ƙare ba. Bayan kwanon, wanda ya kalli wuta, ya fito da sheƙi. Cikinsa, wanda ya kwanta a kan yumɓu, ya fito da kaushi. Sai a ɗaura shi a kan abin juyawa a yi ta gurzawa da dutse da lallausan yashi da ruwa, a daidaita bakin, a yanka masa zobe biyu ko uku daga ciki. In ka sunkuya a gaban akwatin ka bar haske ya bugi cikin kwanon a karkace, za ka ga siraran layukan gugar suna zagaye. Da su masana ke rarrabe kwanon da aka kifa da wanda aka hura ko da guntu ɗaya suka samu. Daga tsakiyar ƙarni na 2 kafin Miladiyya irin waɗannan kwanoni, masu ruwan zuma ko kore-kore, suka yawaita a gaɓar Sham. A wani ɗan ƙaramin wuri da ake kira Tal Anafa an tono dubban gutsattsarinsu. Daga nan ne shan abu a cikin gilashi ya fara yaɗuwa ga waɗanda ba sarakuna ba.

Wanda ya fi riƙe ni shi ne mai haƙarƙari. Daga gindi zuwa kusa da baki, a bayansa, akwai tudun layuka da suka fito, masu kauri a sama suna sirancewa a ƙasa. An daɗe ana cewa zubi ne, wato an danna gilashin cikin ƙira mai ramuka. Sai dai duk wanda ya ƙura wa guda ɗaya ido zai ga haƙarƙarin ba su zama ɗaya ba: wani ya karkace, wani ya matso kusa da ɗan'uwansa, a kan wasu akwai sawun ƙarfe. Ƙira ba ta yin irin wannan kuskuren, hannu ke yin sa. Wasu maƙeran gilashi biyu a Ingila, Mark Taylor da David Hill, sun nuna a aikace cewa ana iya tsunkuno haƙarƙarin da awartaki ɗaya bayan ɗaya tun faifan yana shimfiɗe da zafinsa, ana yi ana mayar da shi wuta, sannan a kifa shi. Wata Bajamushiya, Rosemarie Lierke, ta tsaya a kan cewa a kan abin juyin maginan tukwane ake yi, ana danna sanda tsakanin layukan yayin da gilashin ke kan ƙirar. An yi ta musu a rubuce, wani lokaci da zafi. Ni dai na fi karkata ga masu awartaki, don sun yi an gani, kuma abin da ya fito daga hannunsu yana ɗauke da irin tabon na da. Amma sana'ar da aka yi daga Sham har Italiya tsawon fiye da shekara ɗari, da wuya a ce kowa hanya ɗaya ya bi.

Sai masu furanni, waɗanda su ne ƙololuwar sana'ar. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai alewa ya ga yadda yake haɗa fari da ja ya yi ta ja har su zama siririn sanda, launin yana nan a ciki bai gauraye ba, to ya riga ya fahimci rabin aikin. Ana jera sandunan gilashi kala-kala a dunƙule yadda in ka dubi ƙarshensu za ka ga fure ko tauraro ko naɗi. A gasa dunƙulen ya haɗe, mutum biyu su kama su ja. Zanen ya ƙanƙance amma bai ɓace ba. In ya huce a yayyanka shi ƙwaya-ƙwaya, a jera ƙwayoyin gefe da gefe a yi faifai, a zagaye shi da murɗaɗɗen zare na fari da shuɗi don ya zama baki, a gasa su manne, sannan a kifa a kan ƙira kamar sauran. Shi ya sa furannin gindin kwanon ke zama daidai, na kusa da baki kuwa su miƙe su yi tsawo, don nan ne gilashin ya fi jawuwa. Launukan daga ma'adinai suke: kobalt ya ba da shuɗi mai duhu, tagulla ta ba da shuɗi-kore ko ja, manganis ya ba da shunayya, antimoni da dalma su ba da rawaya. Wahalar ita ce kowace kala da yadda take saki a wuta da yadda take tsukewa in ta huce. Haɗa biyar a kwano ɗaya su zauna lafiya shekara dubu biyu ba ƙaramin sani ba ne.

Akwai wanda ya fi wannan ma rainin wahala. A wani kabari a Kanosa, kudancin Italiya, an sami kwanoni na wajen ƙarni na 3 kafin Miladiyya, yanzu suna Gidan Tarihin Birtaniya a Landan: kwano biyu ne garai-garai, ɗaya ya shige cikin ɗaya daidai wa daida, a tsakaninsu ganyen zinariya da aka yanka siffar ganyaye. Sai a tuna kowannensu kifa shi aka yi aka gurza da hannu.

Kuma sun yi tafiya. Jirgin da ya nitse kusa da tsibirin Antikitera na Girka wajen shekara ta 60 kafin Miladiyya, wanda masu nutson soso suka gano a 1900, yana ɗauke da masu furanni. An sami masu haƙarƙari a barikokin sojan Rum a Ingila, a Begram ta Afganistan, a Arikamedu ta gaɓar Indiya, har a kabarin wani ɗan sarki a Sin na shekara ta 67. Ta kudu kuma sun shiga Sahara: kaburburan Garamantawa a Jarma, cikin Fezzan, ƙasar da ayarin Kano zuwa Tarabulus ya riƙa ratsawa daga baya, sun ba da irinsu. Kaurinsu ya taimaka. Kwanon da aka kifa yana jure bayan raƙumi fiye da wanda aka hura.

Abin da ya rage shi ne sunan garin da muke ciki. Shekara da shekaru, duk kwanon da ya yi kyau sai a rubuta masa "aikin Iskandariyya". Akwai dalili. Strabo, wanda ya zauna a birnin a ƙarshen ƙarni na 1 kafin Miladiyya, ya ce maƙeran gilashin nan sun gaya masa akwai wata ƙasa a Masar da in ba ita ba a iya yin masu launi masu tsada. Amma ƙasa ba ta goyi bayan takarda yadda ake so ba. Da yamma mun je Kom Dikka, tsakiyar gari kusa da tashar jirgin ƙasa, inda masu tono na Folan ke aiki tun 1960. Ga ɗan dandalin kallo na marmara, ga gidan wanka, ga azuzuwan karatu. An sami gutsattsarin gilashi da yawa a nan, da alamun masu yin tsakiya, amma babbar masana'antar kwanonin alfarma ta zamanin Girkawa da kowa ke ambato ba ta fito ba. Tsohon birnin yana ƙarƙashin sabon, wani ɓangarensa yana cikin teku, don haka rashin gani ba hujja ba ce. Sai dai yanzu masana da dama na ba Italiya da Sham da tsibirin Rodas kaso mai tsoka na abin da a da ake jingina wa Iskandariyya. Abin da aka tabbatar ya fi karkata ga ɗanyen gilashin. A 2020 Gry Barfod ta Jami'ar Aarhus da abokan aikinta suka auna sinadarin hafniyam a gutsattsarin da aka tono a Jarash ta Jodan, suka nuna cewa gilashin nan garai-garai da aka wanke launinsa da antimoni, yashinsa na Masar ne. Ke nan kwano na iya zama ɗan Masar ta wajen dahuwa, ɗan Italiya ta wajen ƙira, ɗan katin bayanin da ke gabansa a gidan tarihi kuwa layi ɗaya gare shi.

Abin da ya kashe sana'ar kifawa an same shi a juji ɗaya da ita. A 1971, a tsohon birnin Ƙudus, Nahman Avigad ya tono sharar wani shagon gilashi na ƙarni na 1 kafin Miladiyya. A ciki akwai fasassun kwanonin da aka kifa, a gefensu kuma 'yan bututun gilashi da wani ya toshe ƙarshensu ya hura suka kumbura. Daga baya aka koma bututun ƙarfe. Abin da ke cin yini, ga guga, ga asarar gilashi mai kauri, ya koma aikin 'yan mintoci. Strabo da kansa ya ce a Rum ana sayen kofin gilashi da kwabon tagulla ɗaya. Wasu maƙeran, irin su Ennion wanda ake dangantawa da Saida, har suna sa sunansu a jikin kayansu, abin da masu kifawa ba su yi ba. Kwano mai haƙarƙari ya yi ta fama har wajen ƙarshen ƙarni na 1, launukansa suna raguwa har ya koma kore-kore zalla, daga nan ya ɓace.

Rumawan da kansu sun ji a jikinsu cewa abu ya canja, ga alama daga wani labari da marubuci Petronius ya kawo. Wai wani ya kai wa sarki kwanon gilashi, ya karɓe shi ya buga da ƙasa, bai fashe ba sai lotsawa, ya ciro 'yar guduma ya gyara. Sarki ya tambaye shi ko wani ya san sirrin, ya ce a'a, sarki ya sa aka sare masa kai don kada zinariya ta zama turɓaya. Pliny ya jingina abin ga zamanin Sarki Tiberiyus, ya kuma nuna bai gaskata ba. Ni ma haka. Tatsuniyar mutanen da suka ga kayan sarakuna ya faɗo kasuwar talakawa cikin rayuwar mutum ɗaya ce.

A jirgin ƙasa na komawa na ba yaron wasu alƙaluma don ya rage zaman. A shekara ta 301 Sarki Diyokletiyan ya fitar da dokar ƙayyade farashi, aka sassaƙa ta a duwatsu, kuma gilashi na ciki. A lokacin hurawa ta gama cin kasuwa, amma rabon aikin yana nan yadda yake, don dokar ta raba kuɗin ɗanye da na ƙerarre, duka da awo ake sayarwa. Labar Rumawa ɗaya, kimanin giram 327, ta ɗanyen gilashin Iskandariyya dinari 24 ce. Ta Yahudiya, mai kore-kore, 13. Kofuna da kwanoni marasa ado na Iskandariyya 30, na Yahudiya 20. Dinarin nan ba na zinariya ba ne, kuɗi ne da ya riga ya zube: ɗan ƙwadago a gona 25 yake samu a yini, da abinci.

Ya yi lissafi a wayarsa. "Kawu, ashe mai ƙirar shida kawai yake ci a laba? A ciki zai sayi itace, ya biya yaron wuta, ya ɗauki asarar wanda ya fashe?" Na ce haka dokar ta ce. Ya sake dubawa. "To ni da na Yahudiya zan riƙa yi. In saya 13 in sayar 20, riba bakwai, jarin kuma kusan rabi." Na ce masa da alama ba shi ya fara wannan lissafin ba, don galibin gilashin yau da kullum da ake tonowa a ƙasashen da Rum ta mulka mai kore-koren ne.